Olsa ce ko zuciya? Tambaya kan ciwon ƙirjin da ke zuwa da hawan bene

Abban_Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni ga ma'aikatan lafiyar da ke zauren nan, da ma duk wanda ya taɓa ganin irin haka. Ta yaya ake bambance ciwon ƙirji na olsa da na zuciya? Yayana ne da muke shago ɗaya a Kwari, ya haura hamsin, kuma mai jiki ne. Kwanan nan in ya hau benen da muke ajiye diloli sai ya tsaya a tsakiyar matakala ya dafe ƙirji, ya ce wani abu ya tokare shi. In ya zauna ya huta kaɗan sai abin ya wuce. Shi ya kafe a kan olsa ce, kullum da kwalbar farin maganin nan a aljihu yana kurɓa. Na ce mu je asibiti, ya ce yanzu kasuwa ake ci, sai bayan sallah.

DanKurna_01:
Wa alaikumus salam. Olsa ce mana. Wane ɗan kasuwa ne a Kano ba shi da ita? Mutum ya fito tun safe bai karya ba, sai azahar ya aika a sayo masa shinkafa da wake da yaji kamar hauka. Ya riƙa karyawa da wuri, ya rage yaji da lemon kwalba, zai ga canji in sha Allah.

Sista_Gwammaja:
Abban Khalifa, amsar tana cikin abin da ka rubuta. Matakala ce ke tayar da ciwon, hutu ke kwantar da shi. Olsa ba ruwanta da hawan bene. Ita da yunwa da abinci take hulɗa, raɗaɗi ne a saman ciki, can ƙasan ƙirji, yakan tashi in ciki ba komai ko cikin dare, wani kuma sai ya ci abinci yake jin sa. Amma nauyin ƙirjin da ke zuwa in mutum ya yi sauri, ko ya ɗauki kaya, ko ransa ya ɓaci, ya kuma lafa in ya zauna, mu a wurinmu zuciya ce har sai gwaji ya nuna ba ita ba ce. Jijiyoyin da ke kai wa naman zuciyar jini ne ke ƙuntata. Yana zaune jinin na isar ta, ya motsa sai ya gaza. Don Allah kada ku jira sallah.

DanKurna_01:
Sista ku fa komai zuciya ne a wurinku. Haka aka tsorata wani abokina, ya kashe kuɗin gwaje-gwaje, ƙarshe aka ce ƙwannafi ne.

Sista_Gwammaja:
To ai alhamdu lillahi, ya koma gida da ƙafarsa. Wanda aka ce wa ƙwannafi ne alhali zuciya ce, shi ne ba ya dawowa ya ba da labari.

MamanIlham:
Wallahi da na karanta tambayar nan sai da jikina ya yi sanyi. Haka muka rasa Babanmu. Bayan isha'i ya ci tuwo, ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi kamar an ɗora masa buhun masara. Lokacin sanyi ne, kowa da rigar sanyi, amma shi gumi yake har ya jiƙa 'yar shara. Ya yi amai sau ɗaya. Yana ta murza hannunsa na hagu yana cewa ya yi masa tsami, har muƙamuƙinsa. Umma ta jiƙa masa kanwa don duk mun ɗauka olsar da ya saba ce. Yayanmu ya ce a fito da mota, Baba ya ce a bari gari ya waye, kada a tashi maƙwabta. Ya jingina da bango a kan darduma, ya ƙi kwanciya. Kafin kiran assalatu ya cika. Daga baya wani likita ɗan uwan mijina da aka ba shi labari ya ce duk alamomin sun bayyana tun farkon dare. Allah ya jiƙan iyayenmu.

Hajjaju_Hotoro:
Allah ya jiƙan sa, ya sa ya huta. Ya ba ku haƙuri 'yata.

Sadi_Adaidaita:
Allahu akbar. Allah ya gafarta masa.

Likita_Tarauni:
Allah ya yi masa rahama, Maman Ilham. Abin da kika zayyana shi ne bugun zuciya kamar yadda ake koyar da shi a aji. Bari in ɗan tsawaita, a yi haƙuri.

Abin da ke damun yayan Abban Khalifa gargaɗi ne, hanyar jinin ta matse amma ba ta toshe ba. Bugun zuciya kuwa shi ne ranar da gudan jini ya toshe hanyar gaba ɗaya, naman zuciyar da ke bayan wurin ya fara mutuwa. In an kai nan, hutu ba ya kwantar da ciwon. Mutum zai ji nauyi ko matsewa a tsakiyar ƙirji, wani lokaci ya bazu zuwa hannu, musamman na hagu, ko wuya, ko muƙamuƙi, ko tsakanin allon kafaɗu. Sai gumi mai sanyi, haki, tashin zuciya, jiri. Ba lallai duka su haɗu ba. In irin wannan ya ɗauki mintuna bai lafa ba, ko ya tafi ya dawo, ko ya zo wa mutum yana zaune bai yi aikin komai ba, sai sashen taimakon gaggawa, ko ƙarfe biyun dare ne.

Dalilin da ya sa muke matsawa a kan lokaci: akwai allurar da ke narkar da gudan jinin, amfaninta ya fi yawa a awanni biyu zuwa uku na farko, bayan awa 12 kuwa kusan an makara. Naman zuciyar da ya mutu ba ya sake tofowa. Da an isa asibiti a faɗa wa nas ɗin farko da aka gani cewa ciwon ƙirji ne da gumi, kada a je a bi layin kati a zauna. Ƙa'ida ita ce a yi masa isiji, gwajin nan da ake manna wayoyi a ƙirji, cikin minti 10 da isowa. Wani lokaci na farko yakan fito lafiya, shi ya sa ake maimaitawa a kuma ɗebi jini a auna tiroponin, sinadarin da ke fitowa a jini in naman zuciya ya ji rauni. In an ce ku jira sakamako na biyu, ba cin kuɗi ba ne.

Sai abu ɗaya da mutane ba su sani ba. Mata, tsofaffi da masu ciwon suga sau da yawa ba sa jin ciwon ƙirjin sosai. Sai dai gajiya marar dalili, haki, amai, ko ciwon saman ciki. Mai suga da ya wayi gari yana gumi yana haki ba zazzaɓi, a auna sugan, amma a duba zuciyar ma.

Injiniya_Dorayi:
Ƙari a kan bayanin Likita, alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe kimanin mutum miliyan 17.9 a 2019, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita ne. Wato zancen cewa ciwon Turawa ne ko na masu kuɗi ya ƙare tuntuni.

Alaramma_Mandawari:
Ni dai abin da zan tunatar, rai na hannun Allah. Mahaifin wannan baiwar Allah ko a cikin asibiti ya kwana, in lokaci ya yi sai ya tafi. Kada a sa wa iyalinsa "da mun sani" a zuciya.

MamanIlham:
Haka ne Malam, mun yarda da ƙaddara, kuma ba wanda muke zargi. Na faɗa ne don wani ya amfana.

Abu_Hanifa_Fagge:
Alaramma gaskiya ka faɗa, sai dai a cika ta. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Wanda ya rasu an yi masa addu'a, wanda ke raye kuma yana dafe ƙirji a matakala a kai shi asibiti. Ba su ci karo ba.

Alaramma_Mandawari:
Ban hana ba ai. A je asibiti, a haɗa da addu'a.

MaiKemis_Rijiyar_Lemo:
Ni abin da nake gani kullum a shago shi ne hawan jini. Mutum zai zo sayen maganin ciwon kai, in ce Alhaji kawo hannunka in auna, sai ka ga 180 bisa 110, shi kuma yana ta raha, ba abin da yake ji. In ka ce ya je asibiti sai ya ce ai shi ba ya tunani, ba shi da damuwa, ina zai samu hawan jini. Daga 140 bisa 90 in ya dawwama a haka an shiga hawan jini, ko kana jin wani abu ko ba ka ji. Wasu kuma an ɗora su a kan magani, da jinin ya sauka sai su ajiye, su koma zoɓo da tafarnuwa.

'YarSheka:
Mai Kemis tunda ka shigo, ku ma fa akwai naku. Haɗin nan da ake ƙulla wa mutane a leda na ciwon jiki, ja da fari da rawaya, kakata kullum sai ta aika an karɓo mata, ga ta da hawan jini. Da ƙafafunta suka kumbura likita ya ce a daina ba ta.

MaiKemis_Rijiyar_Lemo:
Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, 'yar uwa. Amma maganarki tana kan hanya. Diklofenak da ibufurofen da danginsu suna riƙe ruwa da gishiri a jiki, suna ɗaga jini, suna taɓa ƙoda, kuma suna cikin manyan abubuwan da ke jawo olsar da ake ta magana. Mai ciwon zuciya ya tsaya a farasitamol sai in likita ya ce wani abu daban.

DanKurna_01:
To zoɓon fa? Kowa ya san yana sauke jini.

Sista_Gwammaja:
Yana ɗan saukewa, an yi bincike a kai. Amma ba zai sauko da 180 zuwa inda ake so ba, balle wanda aka zuba wa suga rabin kofi. A sha a matsayin abin sha, a ci gaba da ƙwaya. Gishiri ne ya kamata a sa wa ido. Abin da aka yarje wa babba a yini bai kai giram 5 ba, wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma har da wanda ke cikin dunƙule, da yajin tsire, da kanwa. Uwargida ta lissafa dunƙule nawa take jefawa a miya ɗaya.

UmmuSudais:
Don Allah tunda ga likitoci, ni ma ga tawa, ko da ta ɗan kauce. Ƙanwata ta haihu, yanzu ta yi arba'in har ta koma ɗakinta a Na'ibawa. Ƙafafunta sun kumbura, in ka danna da yatsa sai wurin ya lotsa ya daɗe bai ciko ba. Ba ta iya kwanciya sai ta tara filo uku, cikin dare ta farka tana neman iska tana tari. Ko shara ta yi sai haki. Surukarta ta ce jego ne bai gasu ba, a ƙara mata wanka da kunun kanwa. Wasu kuma sun ce ta taka wani abu.

Likita_Tarauni:
Ummu Sudais, ki ajiye wayar nan ki kira mijinta yanzu. Yau za a kai ta, ba gobe ba. Kumburin ƙafa mai lotsawa, kasa kwanciya a miƙe, farkawa da sarƙewar numfashi, ga mai jego, wannan gazawar zuciya ce ta haihuwa har sai hoton zuciya ya ce a'a. Tana kama mace daga watan ƙarshe na ciki zuwa wata biyar bayan haihuwa. Zuciyar ce ke saki ta kasa tura jini, ruwa ya taru a huhu da ƙafafu da ciki. Yankinmu na cikin inda ta fi yawa a duniya, a wasu asibitocin Arewa maso Yamma an samu kusan haihuwa 1 cikin 100. Ana samun sauƙi da magani, wasu zuciyar takan koma daidai, amma sai an fara da wuri. Kunun kanwa a tsayar da shi yanzu, gishiri ne ake ƙara wa jikin da ruwa ya riga ya cika. Kuma in an tabbatar, kada ta sake ɗaukar ciki sai likitan zuciya ya duba ya yarda.

Hajjaju_Hotoro:
Likita a nan kam ban bi ka ba. Haihuwa tara na yi, kowacce sai da na yi wankan jego da ganyen darbejiya safe da yamma, na sha kununa, ga ni garau har na ga jikoki. Iyayenmu da kakanninmu duk haka suka yi. Yaran yanzu ne ba sa cin abinci, ga haihuwa a kai a kai ba hutu, sai a ɗora wa kanwa laifi.

Likita_Tarauni:
Hajiya, ba ki yi nisa da gaskiya ba. Likitocin da suka fara nazarin ciwon a Zariya a shekarun 1970 sun fi zargin wankan ruwan zafi da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta da kunun kanwa. Amma binciken baya-bayan nan da Farfesa Kamilu Karaye na nan Kano ya jagoranta ya fi karkata ga rama da rashin abinci mai gina jiki, talauci, hawan jinin masu ciki, da ƙarancin sinadarin seleniyam. To ni ban ce kanwa ce ta jawo wa yarinyar nan ciwon ba. Abin da na ce, wadda zuciyarta ta riga ta gaza, kanwa ƙara mata kumburi za ta yi.

Hajjaju_Hotoro:
To wannan na ji. Ummu Sudais ki bi surukar da lalama, kada ki ce mata ta yi kuskure. Ki ce likita ne ya ce a dakata da kunun zuwa a gama shan magani.

UmmuSudais:
Na gode Hajiya, na gode Likita. Na kira shi, ya ce yana tasowa daga Dawanau.

Malama_Kabuga:
Allah ya ba ta lafiya. Ni a makaranta nake koyarwa, ina so iyaye su san yara ma suna yi. Muna da wata ɗaliba 'yar aji biyar da ta riƙa ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, aka kai ta wurin wanzami ya cire mata beli. Bayan 'yan makonni gwiwa ta kumbura, ta saki ta koma idon sawu, ta koma gwiwar hannu. Aka ce sanyi ne. Yanzu ko filin taro ba ta iya tsayuwa, an ce ƙofofin zuciyarta sun lalace, duk wata sai an yi mata allura.

Sista_Gwammaja:
Wannan ya fi kama yara 'yan shekara 5 zuwa 15, Malama. Ƙwayar cuta ce a maƙogwaro, da an ba da fanisilin tun farko da an kashe maganar. Allurar da ake mata duk mako uku ko huɗu don kada ciwon ya dawo ya ƙara ɓata ƙofofin ne, kada su gaji su bari. Yaro mai ciwon maƙogwaro da zazzaɓi ba mura ba tari, asibiti ya kamata ya je, ba gidan wanzami ba.

Sadi_Adaidaita:
Ni tambayata daban ce. Mu da muke kan titi muna gani. Kwanaki a wajen Ƙofar Nassarawa wani dattijo ya yanke jiki ya faɗi a bakin hanya. Mutane suka taru, wani na zuba masa ruwan leda a ka, wani na neman cokali a sa masa a baki, wasu na ɗaukar bidiyo. Ba wanda ya yarda ya ɗauke shi, kowa na tsoron a riƙe shi a ce ya yi bayani. Ni na sa shi a Adaidaita da taimakon wani yaro, amma kafin mu isa an ce ya rasu. Me ya kamata a yi a irin wannan?

Likita_Tarauni:
Allah ya saka maka, Sadi. Da farko a girgiza kafaɗarsa a kira shi, a kalli ƙirjinsa. In yana numfashi daidai, a kwantar da shi ta gefe a nemi abin hawa. In ba ya amsawa kuma ba ya numfashi, ko sai wani irin gurnani jefi-jefi, zuciyar ta tsaya. A kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, ka ɗora tafin hannu ɗaya a tsakiyar ƙirji, ɗayan a kansa, ka miƙe gwiwar hannu, ka riƙa dannawa da ƙarfi, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti. In ka gaji wani ya karɓa, kada a tsaya, har a cikin abin hawan in da hali. Wani ya kira 112. Ƙwaƙwalwa ba ta jure rashin jini fiye da 'yan mintuna, don haka na kusa da shi ne kaɗai zai iya yin wani abu. Ba ruwa, ba cokali, ba ɗura masa madara.

Injiniya_Dorayi:
Da za a koya wa 'yan Adaidaita da 'yan kasuwa da limamai wannan dannawar, da an ceci rayuka. Abin da ko awa biyu ba zai ci ba.

Khadija_BUK:
Ni kuma faɗuwar gaba ke damuna, shekarata 22. Sai in ji zuciyata na dukan uku-uku, musamman lokacin jarrabawa. Da na karanta zauren nan duk sai na tsorata.

Sista_Gwammaja:
Ƙanwata kwantar da hankalinki. A shekarunki yawanci ƙarancin jini ne, ko rashin barci, ko fargaba, ko shayi mai kauri da lemon ƙarin kuzarin da kuke sha don karatun dare. Wani lokaci maƙoƙo. Ki je asibitin makaranta a auna jininki a saurari zuciyar. Inda za ki damu shi ne in bugun yana zuwa da suma, ko jiri har ki kusa faɗuwa, ko ciwon ƙirji, ko yana tsalle ba tsari, ko a danginku an taɓa samun matashi da ya faɗi ya mutu haka kawai.

Baffa_Singa:
Na ji ana cewa in abin ya taso a tauna asfirin. Gaskiya ne? Don ni na san asfirin da olsa ba sa ga maciji.

Likita_Tarauni:
Gaskiya ne Baffa, babba ya tauna miligiram 300 a kan hanyar asibiti, yana hana gudan jinin ƙaruwa. Banda wanda jikinsa ba ya karɓar asfirin, da wanda olsarsa ta taɓa zubar da jini, wato aman jini ko baƙin bayan gida. Kuma banda wanda bakinsa ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta harɗe. Wannan shanyewar ɓarin jiki ce, tana iya zama jijiya ce ta fashe a ka, asfirin sai ya ƙara ɓarna. Shi ma asibiti kai tsaye. Sannan mai ciwon kada ya tuƙa kansa.

Tunda maza sun fi yawa a nan bari in faɗa. In an kai mutum da ciwon ƙirji kuma ya sha maganin ƙarfin maza, na kemis ko na masu lasifika a mota, ya gaya wa likita ko a kunne ne. Akwai maganin da muke sa wa a ƙarƙashin harshe, in suka haɗu jini na iya faɗuwa warwas.

DanKurna_01:
Likita ka taɓo inda ke mana ƙaiƙayi, zauren ya yi tsit.

Baffa_Singa:
Kai dai faɗi da kanka.

Abban_Khalifa:
Na gode ƙwarai jama'a. Na karanta wa Yaya bayanin Sista da na Likita bayan la'asar. Ya yi shiru, sannan ya ce shi ma ya lura ko sauri ya yi zuwa masallaci abin na taso masa, kuma farin maganin ba ya yi masa komai, zaman ne ke yi. Na ja shi kemis ɗin bakin layi aka auna, 170 bisa 100. Amma har yanzu yana cewa kaya na hanya, in ya kwanta asibiti wa zai karɓa. Ku san halin manya, ƙani ba ya ba da umarni.

Hajjaju_Hotoro:
Mahaifiyarku na da rai? In tana nan ka kai mata maganar. Ba ɗan kasuwar da zai ce wa uwarsa sai bayan sallah.

Abban_Khalifa:
Tana nan Hajiya, a Yakasai. Ina tsoron tayar mata da hankali ne, ita ma tana fama da jinin.

Abu_Hanifa_Fagge:
To ka bi ta wurin uwargidansa ko amininsa na kasuwa. Kuma ka ce masa kai za ka tsaya a kan kayan. Wataƙila abin da yake jira ya ji ke nan.

Sista_Gwammaja:
Ka gaya masa zuwa gwaji ba kwanciya ba ne, mai yiwuwa a ranar zai dawo shago da magani a hannu. Daga Kwari zuwa Asibitin Murtala a Ƙofar Mata ba nisa, ga na Nassarawa, ga na Malam Aminu Kano a titin Zariya. Ku fita da sassafe, kada ya karya don ƙila a auna suga da kitsen jini. Kafin nan ya bar hawa benen, a sa yara su sauko da kaya. In kuwa ciwon ya zo masa yana zaune, ko ya fara zuwa a kai a kai, ko ya zo da gumi, ba maganar safiya, a lokacin za ku tafi.

'YarSheka:
Sai dai a shirya kuɗi da haƙuri. Mun kai kakata wani asibiti da dare, aka ce na'urar isijin tana ɗakin da aka kulle, mai mukullin ya tashi. Sai waje muka je muka yi muka dawo da takardar.

Injiniya_Dorayi:
Wannan matsala ce ta gaske. Shi ya sa yana da kyau kowane gida su san tun yanzu wane asibiti ne kusa da su ke yin gwajin da dare, da lambar mai abin hawa a unguwa da za a iya tasa.

Sadi_Adaidaita:
Mu dai ana bugo mana ƙarfe uku na dare don masu naƙuda, ba mu taɓa ƙi ba.

DanKurna_01:
Ni fa har yanzu ina ganin akwai olsar a ciki. Mutum ba ya karyawa shekara da shekaru.

Sista_Gwammaja:
Zai iya haɗa biyun, Ɗan Kurna, ba a hana ba. A fara duba wadda ba ta ba da lokaci. Ni zan shiga aikin dare, Ummu Sudais in kun isa ki sanar da mu abin da aka ce.

Baffa_Singa:
Likita kafin kai ma ka gudu, mai shan maganin hawan jini sau biyu a rana, yaya zai yi da azumin Litinin da Alhamis? Akwai mai sa fitsari a ciki.